Jikar Dosti

Ranar da Kamaluddeen ya shigo ya gaya wa mahaifiyarsa ya samo wanda zai kama ɗakin da ke jikin zaure, bai fara da faɗin ƙabilar mutumin ba. Ya ce kamili ne, makanikin injin roba a wata masana'anta da ke kan hanyar Madalla, ba ya shan ko taba, kuma ba ya tara abokai. Sai da Hajiya Sailuba ta tambayi garinsu sannan ya sosa ƙeya.

"Inna, Ba'indiye ne fa. Amma Musulmi ne, kuma yana jin Hausa. Ya daɗe a Kano kafin kamfaninsu ya dawo da shi nan."

Hajiya Sailuba tana tsince shinkafa a faifai, sai hannunta ya tsaya. Kamaluddeen ya zaci ƙi za ta yi.

"Ka ce masa ya zo, Auta," in ji ta.

Ta haura shekara saba'in da biyar a lokacin. A Suleja aka haife ta, tun garin yana amsa sunan Abuja, kuma a gidan nan mahaifinta, Malam Sabo tela, ya rayu har ya rasu. Doguwa ce siririya, mai dogon hanci da gashi mai santsi wanda yanzu ya zama fari fat. Baƙi kan ɗauka Bafulatana ce. 'Yan gari kuwa sun san kakanta na wajen uba Ba'indiye ne, ko da yake babu mai rai a garin da ya taɓa ganinsa. Ita ma ba ta taɓa zama da wani Ba'indiye ba. Takan hango su a mota idan ta je Abuja, ta bi su da kallo har su ɓace.

Mutumin ya zo da akwati ɗaya da tukunyar girki mai murfin dunƙule. Gajere ne, baƙi fiye da yadda ta zata, mai furfura a gefen kai, shekarunsa za su kai hamsin. Ya cire takalmi a bakin tabarma ya durƙusa kamar kowane Bakano.

"Sannu da gida, Hajiya. Mun same ku lafiya? Sunana Irshad."

"Lafiya lau, Malam Irshadu. Ya hanya?"

Hausarsa ta Kano ce, sai dai yakan ce "ya" inda ake cewa "ta", abin da ya riƙa ba Bara'atu, matar Kamaluddeen, dariya. Ya ce kamfani yana da gida a Abuja inda sauran Indiyawa suke, amma ya saba da zama cikin mutane, inda zai ji kiran salla ya taka da ƙafa zuwa masallaci.

Ba a daɗe ba ya zama ɗan gida. Da sassafe wani abokin aikinsa mai suna Sebastine yakan ɗauke shi a babur, ya dawo da shi gab da magariba. Bara'atu takan aika masa tuwon shinkafa da miyar taushe, shi kuma ya dawo da kwanon cike da wani wake da ya dafe lugub da kurkum da tafarnuwa. Ya jera fasassun bokitai a bayan ɗakinsa ya shuka ganyayen miyarsu. Samarin unguwa sun yi ta binsa ya yi musu waƙa irin ta fim, ya ce shi muryarsa ta injin niƙa ce, suka haƙura.

Hajiya Sailuba ba ta ce masa komai game da kakanta ba har aka yi watanni. Kullum sai ta shirya maganar, idan ya shigo gaisuwa kuma sai ta ji nauyi. Wata Lahadi bayan la'asar injin markaɗen Bara'atu ya ƙi tashi, Irshad ya shigo tsakar gida ya baje ƙarafa a kan buhu yana gyarawa. Hajiya tana zaune a gindin bishiyar gwaiba tana kallon hannuwansa.

"Malam Irshadu, kakana ma aikin ƙarfe ya yi," ta ce. "Mutuminku ne."

Ya ɗago kai. "Mutumina, Hajiya?"

"Ba'indiye. Turawa ne suka kawo shi."

Ya ajiye sifana ya goge hannunsa da tsumma, ya gyara zama. Sai ta ba shi labarin kamar yadda ta ji daga mahaifinta. Lokacin da Turawa suke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, sun zo da wasu Indiyawa masu aikin ƙarfe, aka zaunar da su a Minna cikin bukkokin kwano. Kakarta Ummukulthum tana budurwa, tana kai wa leburori tuwo a bakin layi. A nan ɗaya daga cikin Indiyawan ya gan ta. Da aka tabbatar yana salla, iyayenta suka ba shi, aka ɗaura aure kamar na kowa, aka haifi Sabo. Yaron yana da kamar shekara huɗu aikin ya ƙare, Turawa suka ce kowane Ba'indiye ya tattara kayansa. Ya je ya roƙi Baturen da ke kansu a bar shi ya zauna, aka ce takardarsa ta zuwa da komawa ce. Ya roƙa a bar shi ya tafi da iyalinsa, aka ce babu mace a takardar. Aka zuba su a jirgi zuwa Baro, daga can a jirgin ruwa.

"Ya ce mata zai dawo bayan damina," in ji Hajiya. "Babana ya ce abin da ya iya tunawa kaɗan ne. Yana tuna an ɗaga shi sama a tasha, gemu yana sukarsa a kumatu. Sai kuma uwarsa, da duk lokacin da jirgi ya yi kuka sai ta ajiye abin da take yi, ta ja hannunsa su tafi tasha. Ta ƙi yin wani aure. Bai kai ga balaga ba ta rasu, wani kawunsa ya kawo shi garin nan ya koya masa ɗinki."

"Bai taɓa aiko da saƙo ba?"

"Ko ɗaya. Babana ya mutu da haushinsa. Yakan ce mutumin da ya bar ɗa a tasha kamar ƙunshin kaya ba uba ba ne."

Irshad yana juya wata ƙusa a hannu. "Mene ne sunansa, Hajiya? Wane gari?"

"Garin dai ba mu sani ba. Sunansa Dosti. Shi muke amsawa, ni ma a makaranta Sailuba Sabo Dosti aka rubuta mini."

Ta ga fuskarsa ta sauya, ya sunkuyar da kai kan injin kamar ya tuna wani abu.

"Faɗi mana," ta ce. "Na ga bakinka da magana."

"Hajiya, a yarenmu dost shi ne aboki. Idan mutum bai san sunanka ba, sai ya ce maka dost. Ina jin haka yake kiran mutane, su kuma suka mayar masa."

Bara'atu, da ke tsaye a ƙofar kicin, ta dubi surukarta. Hajiya Sailuba ba ta motsa ba.

"To ba suna ba ne ke nan."

"Akwai masu suna Dost Muhammad," ya ce da sauri, "can arewacin ƙasar. Yana iya yiwuwa."

"Kada ka lallashe ni, ɗan nan. Kakata ba ta faɗin sunan miji, ka san al'adarmu. Limamin da ya ɗaura auren ya mutu tun babana yana yaro. Abin da 'yan tasha suke kiransa shi muka riƙe." Ta yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Shekara ɗari muna amsa sunan aboki. Shi ma babana bai tsira ba. Har ya tsufa ana ce masa Sabo Beta, yana faɗa da duk wanda ya faɗa. Ya ce tsokana ce ta yaran Minna, wai Turanci ne, wai shi ɗan farar fata ya fi kowa."

"Beta?" Irshad ya maimaita. "Wa ya fara kiransa haka?"

"Oho. Ya ce tun da ya yi wayo ya ji ana faɗa."

"Hajiya, ba Turanci ba ne. Beta shi ne ɗana. Haka uba yake kiran ɗansa a wurinmu, idan zai ɗauke shi ko zai ba shi abinci. Haka babana yake kirana. Yaran sun ji shi yana faɗa ne."

Hajiya Sailuba ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska. Ba ta yi ƙara ba, kafaɗunta kawai suke rawa. Bara'atu ta zo ta durƙusa kusa da ita tana cewa, "Inna, ki yi haƙuri." Irshad ya rasa inda zai sa kansa, ya fara tattara ƙarafansa.

"Zauna," in ji Hajiya daga cikin mayafi. "Ba kai ka yi mini komai ba. Da dai babana yana raye ya ji. Ya mari mutane a kan kalmar nan."

Da ta natsu, sai ta tambaye shi ko a can ana sanin irin waɗanda suka koma. Irshad ya ce a ƙauyensu, da ke kusa da wani babban kogi, ba a san masu komawa ba, masu tafiya aka sani. A zamanin Turawa akwai dillalan mutane da ke yawo kasuwanni da tashoshin jirgi, su samu wanda yunwa ta kora, su ce masa akwai aiki mai sauƙi nan kusa. A kai shi Kalkata, ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, a sa shi a jirgin ruwa. Wasu an kai su tsibirai noman rake, wasu Afirka aikin layin dogo. Mutanensu suna kiran tekun da baƙin ruwa.

"Yayan kakana ya tafi kasuwa sayar da akuya," ya ce. "Bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi a tasha tare da wani mai farar riga. Bayan shekaru aka ji ƙishin-ƙishin wai yana Fiji, wani kuma ya ce Morishas. Na tarar da matarsa da rai, tsohuwa tukuf, ba ta gani. Duk baƙon da ya yi sallama sai ta tambaye shi daga wane jirgi ya sauka. Muna yara muna yi mata dariya."

"Allah sarki."

"Shi ya sa nake cewa, Hajiya, kada ki ce ƙi ya yi. Wanda aka mayar ba shi da ta cewa. Wasu sun mutu a jirgi an jefa su ruwa. Wasu suna sauka aka sake tura su wata ƙasa. Talaka a lokacin, ina zai samu hanyar dawowa Minna?"

"Kai kuma wa ya kawo ka?"

Ya yi murmushi. "Ni da ƙafata na zo. Na karanta takardata kafin na sa hannu." Ya sake ɗaukar sifana. "Amma dillali ne ya kawo ni, shi ma da farar riga."

Kamaluddeen da ya ji labarin ya ɗauki abin da zafi, ya ce yanzu zamani ya canja, za a iya nemo dangin. Ya yi ta bincike a waya, Irshad ma ya kira wani malamin makaranta a garinsu. Malamin ya tambayi suna da gunduma da sunan jirgi, babu ko ɗaya da suka iya ba shi. Maganar ta mutu a nan. Abin da ya sauya shi ne Irshad ya daina cewa Hajiya, ya koma cewa Inna kamar 'ya'yan gidan, ita kuma ta sa aka daina kai masa abinci ɗaki, sai dai ya ci tare da Kamaluddeen a zaure.

Yana da mata a can, Nasrin, da 'ya ɗaya, Ruksana. Rabonsa da su shekara uku. An sa bikin Ruksana farkon damina, kuma tun da rani ya nemi hutu aka ce ya samu. Hajiya ta sa Bara'atu ta sayo atamfa da turaren wuta da lalle, ta ce a kai wa amarya daga kakarta ta Najeriya. Ya riga ya ɗaure akwati sai sabon inji ya iso masana'antar. Aka ce babu wanda zai iya haɗa shi sai Irshad, wanda zai canje shi kuma bai samu biza ba. Aka ce ya yi haƙuri zuwa bayan salla.

"Ka ajiye musu aikin mana," in ji Kamaluddeen. "Ka tafi abinka."

"In na tafi ban dawo ba ke nan, Kamal. Wa zai ɗauke ni aiki a can da furfura?"

A waya ya halarci bikin. Da hantsi ne a Suleja, can kuma rana ta yi sanyi. Ya sa farar kaftani da Kamaluddeen ya ɗinka masa, ya zauna a kan tabarma a tsakar gida, ya jingina wayar da kwanon sha. Matan gidan da na maƙwabta suka kewaye shi. Aka nuno Ruksana cikin jan mayafi, an yi mata lalle har gwiwar hannu. Bara'atu ta rangaɗa guɗa, matan can suka ji suka fashe da dariya. Da aka zo inda uba zai ba da 'yarsa, wani ƙanensa ne ya zauna a madadinsa. Irshad ya matso da fuskarsa kusa da wayar yana magana da yarensu, sai hoton ya daskare. Kamaluddeen ya ɗauki wayar ya yi ta zagaya gida yana ɗaga ta sama, har ya hau kan tankin ruwa. Kafin layi ya dawo an shafa fatiha.

Irshad ya ce alhamdu lillahi, ya karɓi barka daga kowa, ya raba alewar madara da ya kwana biyu yana haɗawa. Bayan mutane sun watse Hajiya ta ga bai tashi daga tabarmar ba. Ta zauna a gefensa har aka kira azahar.

Ruwa ya zauna sosai a shekarar, kwatocin unguwa suka cika, sauro ya yi yawa. Zazzaɓi ya kama Irshad. Ya sayi magani a kemis ya ci gaba da zuwa aiki, don yana so ya gama haɗa injin ya samu tafiya. Hajiya ta ga yadda idanunsa suka faɗa, ta tare shi a zaure da safe.

"Yau ba inda za ka. Auta zai kai ka asibiti."

"Saura kaɗan, Inna. Wannan makon zan gama."

"Injin uwarka ce ko ubanka?"

Ya yi dariya, ya ce gobe in Allah ya yarda, ya hau bayan Sebastine. Da rana tsaka Sebastine ya dawo shi kaɗai, rigarsa jiƙe da ruwan sama, ya tsaya a ƙofar gida yana kwaɗa sallama.

"Mama, Oga Irshad ya faɗi a wurin aiki. Mun kai shi asibiti. Ba ya gane mutane."

Likita ya ce zazzaɓin ya hau kai, an makara. Hajiya Sailuba, wadda ciwon gwiwa ya hana ta zuwa ko bikin dangi, ta sa aka ɗauko mata Keke Napep. Ta same shi kwance da ƙarin ruwa a hannu, yana ta magana. Hausar ta gudu daga bakinsa gaba ɗaya, Turancin ma haka, sai yarensu. Yana kallonta yana faɗin abubuwa masu tsawo, wani lokaci kamar tambaya, wani lokaci kamar yana ba da haƙuri. Ba ta jin ko kalma ɗaya. Duk inda ya tsaya sai ta ce, "Na'am. Na ji. To." Ta riƙa jiƙa tsumma tana goga masa a goshi. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta ko ita wace ce tasa, ta ce uwarsa ce, matar ta dube su su biyu ta rubuta.

Kullum da safe sai ta je, ta dawo da la'asar. Ranar Alhamis da hantsi, tana zaune tana jan carbi, numfashinsa ya sauya. Ta kira Kamaluddeen daga baranda ya zo ya riƙa yi masa kalmar shahada a kunne. Leɓunansa sun motsa. Ita ce ta shafe masa idanu.

Kamfani ya turo wani Ba'indiye matashi mai suna Pradip, wanda ba ya jin Hausa. Ya yi wa Kamaluddeen bayani da Turanci cewa za a iya mayar da gawa gida, amma takardu za su ɗauki makonni, za a ajiye shi a firij kafin nan. Ya kira Nasrin a waya don a ji ta bakinta. Hajiya ta ce a ba ta ta gan ta. Mace ce 'yar siririya, ta yafa farin mayafi, idanunta sun kumbura, wasu mata sun riƙe ta ta kowane gefe. Maganar sai ta bi ta bakin Pradip zuwa Kamaluddeen, sannan ta iso wurin Hajiya.

"Ta ce ba ta so a sa shi a ƙanƙara. Ta ce shi mai jin sanyi ne. A binne shi yau kamar yadda addini ya ce." Kamaluddeen ya sake saurarawa. "Tana tambaya wa zai yi masa wanka, tunda ba shi da kowa a nan."

"Ka ce mata yana da kowa," in ji Hajiya. "Ka ce daga gidanmu za a fitar da shi."

A zauren gidan aka yi masa sutura. Kamaluddeen da limamin unguwa suka wanke shi, likkafanin kuma daga cikin wanda Hajiya ta ajiye wa kanta ne. Jama'a sun taru fiye da yadda aka zata: 'yan masallaci, masu shagunan bakin titi, leburorin masana'anta da kayan aikinsu a jiki. Sebastine da sauran Kiristoci suka tsaya gefe har aka idar da salla, sannan suka bi gawa zuwa maƙabarta, Sebastine yana kuka kamar ƙaramin yaro. Pradip ya riƙe waya sama don su Nasrin su gani, ruwa yana ɗiga a kanta.

Hajiya ta shimfiɗa tabarmi ta zauna karɓar gaisuwa. Wani ɗan ƙanen mijinta, Bamalli, ya zo daga Sabon Wuse da ya ji ana zaman makoki a gidan, ya zaci wani ne a dangi. Da ya ji ko wane ne, sai ya ja Kamaluddeen gefe, amma muryarsa ta kai kunnenta.

"Yanzu saboda ɗan haya aka tara mutane haka? Sai ka ce wani namu."

"Bamalli," ta kira shi. Ya zo ya durƙusa. "Ni ban san inda kakana ya mutu ba. Ban san ko an samu wanda ya wanke shi ba, ko ruwa aka jefa shi. Wannan dai a hannuna ya mutu. In gaisuwa ka zo yi, yi ka tashi."

Ya yi gaisuwa, ya ƙara da ba da haƙuri.

Bayan addu'ar bakwai Kamaluddeen da Bara'atu suka buɗe ɗakin. Akwatin yana nan a ɗaure tun na tafiyar da ba a yi ba, da atamfar amarya da turaren wuta a ciki. Suka ƙara tufafinsa da tabaraunsa da tukunyar girkin, Pradip ya zo ya ɗauka ya ce zai aika da wani mai tafiya. Sebastine ya gaya musu cewa wanda zai canji Irshad ya iso, yaro ne, a gidan kamfani yake kwana, kuma ya ƙarasa haɗa injin.

Pradip ya bar wa Nasrin lambar Bara'atu. Wata Juma'a da hantsi wayar ta yi ƙara, Bara'atu ta duba ta kawo wa Hajiya da gudu. Babu mai fassara a kowane gefe. Nasrin ta yi sallama, Hajiya ta amsa, daga nan kalmomin da suka haɗa su suka ƙare. Nasrin ta ɗaga atamfar ta nuna, alamar kaya sun iso. Ta yi magana mai tsawo tana share hawaye, Hajiya ma ta yi tata da Hausa, ta gaya mata yadda aka yi jana'iza da waɗanda suka zo, da cewa Kamaluddeen ya kafa alama a kabarin don kada ya ɓace. Suka zauna suna kallon juna har katin ya ƙare.

Ta sake kira Juma'ar da ta biyo, da wadda ta bi ta. Wata rana Ruksana ce ta riƙe wayar, da ciki ya fara fitowa. Daga baya kiran ya koma wata-wata. Bayan babbar salla Bara'atu ta gwada kira daga nan, wata murya ta yi bayani da yaren da ba su ji, layin ya katse. Kamaluddeen ya nemi Pradip, aka ce an mayar da shi Legas.

Ɗakin ya daɗe a rufe. Masu neman haya suna ta zuwa, don ɗaki kusa da titin Abuja ba ya kwana, Hajiya tana cewa a dakata. Sai da rani ya yi nisa ta ce wa Kamaluddeen ya ba wani malamin firamare da ya zo daga Gawu Babangida da amaryarsa. Ranar da za su tare, ta sa Bara'atu ta share ɗakin ta kunna turare, ita kuma ta koma ɗakinta ta kwanta, ta ce gwiwarta ce ta tashi.